Shekarar Da Asusun Masu Amalanke Ya Nemi Izini

Na san abin da kuka ji game da ni da asusun masu amalanke. Gwaggonku Rabi takan faɗa a gidan suna da gidan buki cewa mutanen Kore Mairuwa sun haɗa baki da wani Bahillace sun ture ubanku daga kan abin da ya kafa da hannunsa. Ƙauna ce ke sa ta faɗin haka, kuma labari ya fi daɗi a bakinta idan akwai mugu a ciki. Amma babu mugu. Tun da ɗan karatun yaƙi da jahilcin da na yi yana nan, idona kuma bai gama tafiya ba, bari in rubuta muku yadda shekarar nan ta kasance, don kada wata rana ɗayanku ya ƙi gaida jikan Alhaji Nomau a kan abin da bai faru ba.

Kun tashi kun tarar da ni ina aikin amalanken shanu. Hatsi da wake daga Dogon Kiriya, yashi da bulo a cikin Dogon Dutsi, kayan ɗakin amare zuwa Matankari, wani lokaci mai naƙuda zuwa likita idan mota ta gagara. Babbar damuwarmu ita ce kwaltar nan da ta ratsa gari, inda manyan motoci ke wucewa kamar babu kowa a duniya sai su. Gado, abokina tun muna kiwon awaki, shi ya fara ɗanɗana ta a cikinmu. Wata babbar mota ta goge shi a bayan gari, sa ɗaya ya mutu nan take, amalanken ya koma itacen girki, ƙafarsa ta karye, direban ko waiwaye bai yi ba. Ni na cire hulata na zagaya tasha, kowa ya jefa abin da ya samu, kafin ƙafar ta ɗinke mun saya masa wani sa. Da na ga abin ya yi kyau sai na ce da abokan aiki, me ya sa sai jini ya zuba muke neman hula? Muka fara zubi kowace ranar kasuwa. Wanda mota ta kashe wa dabba a saya masa, wanda ya ji rauni a biya masa magani, wanda kuma dabbarsa ta yi wa wani ɓarna a biya mai kaya kafin magana ta kai wurin jandarma. Masu jakuna suka shigo, daga baya har 'yan kabu-kabu masu moto, wato babur. Babu takarda, babu hatimi. Ni ne shugaba, ni ne alƙali, ni ke zuwa in duba dabbar in ce a biya ko kada a biya. Kuma abin yana yi mini daɗi ƙwarai.

Godiya ce ta jawo mana aiki, ba ƙara ba. Jakin wani ɗan asusunmu ya firgita a bakin kasuwa, amalanken ya lotsa ƙofar motar wani sabon ma'aikaci a buron purefe, wato ofishin mai mulkin yankinmu, Mushe Laminu, kamar yadda muke kiran 'yan boko, mutumin Damagaram. Kafin ya gama faɗa mun kai motar gareji mun biya. Washegari sai ga shi a tasha da ƙullin goro, yana ta fara'a, yana tambayar yadda muke yi. Ni kuma na gyara zama na zayyana masa komai, har da ƙari. Ina magana fuskarsa tana sauyawa.

"Malam Arzika, ka san sunan abin nan da kuke yi?"

Na ce, "Taimakon juna."

"A wurinku ke nan. A wurin gwamnati sunansa asiransi, abin da mutanen ƙetaren iyaka ke ce wa inshora. Irin naku kuma, wanda masu zubin su ne masu abin, ana kiransa mutuwel."

Gado, da ke gefe yana taunar goron mutumin, ya zaro ido.

"Mutuwa? Ai ita munka taru muna gudu, Mushe!"

Tasha ta kwashe da dariya, shi ma ya yi, sannan ya ce ba wasa yake ba. Duk mai karɓar kuɗin jama'a da alkawarin zai biya su ranar haɗari, sai ya sami izinin hukuma. Ranar da wani ya ji an danne masa haƙƙi ya kai ƙara, ba za a tambayi mutum nawa muka taimaka ba, izini za a tambaya, kuma shugaba za a fara kamawa.

Da na koma gida na tarar labarin ya riga ni. Uwarku Hadiza tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, an ce za a ɗamre ka."

"Wa yac ce?"

"Gari duka. Ni dai in za su ɗamre ka, su haɗa da masu sallama tun da asuba. Gidan ga ya koma gidan shari'a, hurarmu ba ta kai azahar."

Haka take faɗa, amma ku tambaye ta wa ke gyara ɗaurin kallabi idan an kira ta matar Shugaba a wurin buki. Kai kuwa Sani, lokacin ka buɗe shagonka na kayan waya, ka fara zama da samarin nan masu wa'azi, gemunka bai gama haɗuwa ba. Ka zo ka zauna a bakin tabarma, ka sunkuyar da kai.

"Baba, in dai sunanshi asiransi, malamanmu sun ce caca ta. Mutum shi zuba, bai san ko zai samu ba."

Na ce, "Jiya da sunanshi taimakon juna ai kai ma ka zuba don motonka."

"Jiya ban san sunanshi ba, Baba."

Uwarku ta yi dariya har rariya ta kufce mata.

Ni da Gado muka hau mota zuwa Yamai, Mushe Laminu ya kwatanta mana buron da ke kula da wannan harka. Gado ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya riƙe sandar da yake dogarawa tun bayan karayar, yana gaida duk wanda ya gani da kwat ko da masinja ne. Wadda ta karɓe mu wata Bazabarma ce mai fara'a, ta yi aiki a Konni ta iya Hausa. Ta ba mu ruwa, ta saurare mu har ƙarshe ba ta katse mu ba, sannan ta ce ƙofa biyu ce. Babbar ƙofa ita ce mu zama kamfani mai zaman kansa. Wannan sai mun ajiye kuɗin kafuwa a banki waɗanda ba a taɓawa, don ranar da haɗari ya zo da yawa lokaci guda kada mu ce wa mutane babu. Ta faɗi yawan kuɗin. Gado ya ce ta maimaita. Ta maimaita.

"Madam," ya ce, "ko an saida shanun Arewa duka, an haɗa da hulunan masu su, ba su kai nan. Ina ƙaramar ƙohwa?"

Ƙaramar ƙofa ita ce a yi mana rajista a matsayin ƙungiyar mutuwel, mu shiga ƙarƙashin wani kamfani da ya riga ya sami babban izini. Mu riƙa ba shi wani kaso na zubinmu, shi kuma ya ɗauki asarar da ta fi ƙarfinmu. Amma ita ma da sharuɗɗanta. Sai yawanmu ya kai abin da doka ta ce, mu kuwa ko rabi ba mu kai ba. Sai an rubuta dokokinmu an karanta wa babban taro sun yarda. Sai mun ajiye wani abu a banki, ko da bai kai na babbar ƙofa ba. Duk wanda zai shiga shugabanci ya kawo takardar gidan shari'a mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba. Da ta zo kan na ƙarshe, maganar makaranta, sai ta juyo gare ni.

"Shugaba, wace lakwal ka yi?"

"Yaƙi da jahilci, Madam. Kuma na ci yaƙin."

Ta yi dariya. "Ban raina ba. Idan jama'a sun zaɓe ka za ka iya shugabantar majalisar ƙungiya. Amma darekta, mai duba haɗari ya ce a biya, mai sa hannu, sai wanda ya yi karatun lissafi ya kuma yi aikinsa shekaru."

Abin ya soke ni. Na ce mata tun da muka fara ban taɓa cin ko dala ta kowa ba, ta tura a tambaya.

"Na yarda, Baba. Ba don kai aka yi dokar ba. An yi ta ne don ranar da ba ka nan."

Darekta bai ba mu wuya ba. Akwai Mushe Buba a unguwarmu, Bahillace, wanda ya gama aikin lissafi a wata ƙungiyar manoma ya dawo gida yana kiwon tumaki biyu da gardama. Kun san tsakaninmu Arawa da Hillani wasa ne tun kakanni. Da na je masa da maganar sai ya miƙe ƙafa ya ce dama ya san ranar na zuwa da bayinsa za su zo neman ubangidansu. Na ce masa mun rasa yadda za mu yi ne, in ba haka ba wane mai hankali zai damƙa wa Bahillace maganar shanu. Shi ya zauna da mu ya mai da dokokinmu na baka a rubuce, da Faransanci da Hausa. Kai kuma Sani, ka ɗauki ta Hausar ka kai wa malaminku. Ya karanta, ya ce tun da babu wani mutum guda da ke kwashe riba, abin da ya rage na masu zubi ne, to taimakon juna ne ko da wane suna aka sa masa, sai dai kada ajiyar banki ta haifi kuɗin ruwa. Muka rubuta wannan a ciki, aka karɓa. Daga nan kai ne ka fi kowa zafi, kana bin 'yan kabu-kabu tasha-tasha kana shigar da su. Muka kwashe abin da ke asusu gaba ɗaya muka kai banki.

Yawan mutane ne ya tsaya mana. Mutanen Matankari sun shigo ba musu, duk da haka ba mu cika ba. Sai Kore Mairuwa, inda su ma suke da irin namu asusun a hannun Alhaji Nomau, ɗan kasuwar hatsi mai amalanke da yawa, kuma sun fi mu yawa nesa ba kusa ba. Su ma dokar ta hau kansu, su ma ba su cika su kaɗai ba. Alhaji Nomau ya karɓe mu hannu biyu, ya yanka mana zabbi, ya ce a haɗe, buro ya zauna a Dutsi, Mushe Buba ya yi darekta, amma shugaban majalisa daga Kore zai fito. Mutanena suka ce sam. Mu muka fara, mu muka je Yamai, an riga an karɓe wa Arzika sa hannu, yanzu kuma shugabancin? Aka yi ta aike ana dawowa, bazara ta shigo, takardu suna kwance.

A cikin wannan jan ne motar fasinja ta kashe wa Idi mai ruwa jakunansa biyu. Idi yana cikin masu jakunan da suka fara zubi, bai taɓa tsallake ranar kasuwa ba, bai kuma taɓa karɓar komai ba. Kuɗinmu suna banki, ba a taɓa su sai izini ya fito. Na sake zagayawa da hula, amma lokacin rumbuna sun yi ƙasa, kowa yana neman iri, abin da aka samu bai wuce na cefanen 'yan kwanaki ba. Wata ranar da hantsi na gamu da shi a hanyar famfo, ya rataya jarka biyu a sanda a kafaɗa, mutum mai furfura, rigarsa ta jiƙe sharkaf. Na so in kauce. Shi ya fara ganina, ya sauke kayan, ya yi murmushi.

"Shugaba, barka da hantsi. Ina labarin takardunmu?"

Bai yi ƙorafi ba, bai roƙe ni komai ba. Na ce masa suna tafe. Ya ce Allah Ya kawo su, ya ɗauki jarkokinsa ya wuce. Na dawo gida na kasa shan fura. Uwarku ta dube ni ta ce, "In kujerar ta ka hana ka ci, ba su abinsu. Ni na auri Arzika tun ba shi da ko amalanke." Sai na aika Kore na ce a kira babban taro.

An yi taron a filin lakwal na Kore Mairuwa, amalanke sun kewaye wurin kamar ranar kasuwa. Mushe Buba ya karanta dokokin, aka yarda da su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan shugabanci sai wuri ya yamutse. Gado ya miƙe, ya ɗaga sandarsa, ya ce da ƙafarsa aka kafa asusun nan, kuma muddin yana numfashi babu mai zama gaban Arzika. Mutanen Kore suka ce to kowa ya kama gabansa. Har an fara kwance shanu. Na tashi na nemi a saurare ni. Na ce ni Arzika ba na takara, kuma hannuna na Alhaji Nomau ne. Na ce abu ɗaya nake roƙo, ranar da izini ya fito a fara da jakunan Idi. Alhaji Nomau ya taso ya kama hannuna, ya ce ya ɗauki alkawari, kuma ya cika. Babu wanda ya ture ni. Ni na tashi da ƙafafuna.

Ba zan ce bai yi ciwo ba. Gado ya juya ya fita daga filin, ya hau wata mota dabam ya koma gida. Damina ta sauka, muka yi shuka, muka yi noma, gonakinmu suna maƙwabtaka, bai ce mini uffan ba. In na gaishe shi sai ya amsa wa shanunsa. Gida kuma ya yi shiru. Masu sallamar asuba suka koma ƙofar Mushe Buba, uwarku da ta yi ta kuka da su ta riƙa dama fura da yawa kamar da, sannan ta tsaya tana kallon ƙwarya. A tasha yara suka koma ce mini Baba Arzika. Izini ya fito bayan an ɗaure hatsi. Mushe Laminu da kansa ya kawo takardar, aka sa ta a gilashi aka rataye a buro, Idi ya zo da sababbin jakunansa har bakin ƙofa don a gani. Gado bai zo ba.

Ba a daɗe ba abin ya zo kaina. Ina dawowa daga Dogon Kiriya da buhunan wake, bakin wani kwari da ruwan damina ya ci ya zabtare da mu. Ni na tsira da ƙurjewa, amma babban sana ya karye, dole aka yanka shi a wurin. Gado yana bayana da nasa amalanken. Ya sauko, ya taya ni kwance igiya, ya riƙe kan san aka yanka, ya kwashe buhunana ya kai mini har ƙofar gida, duk bai buɗe baki ba.

Washegari na tafi buro. Na tarar da mutane a kan benci, na zauna a ƙarshen layi kamar kowa. Da aka zo kaina Mushe Buba ya gyara tabarau ya dube ni sama da ƙasa.

"Sunanka?"

"Kai Bahillace, ka ji tsoron Allah."

"Doka ta ce a tambaya. Sunanka, da sunan ubangidanka, wato ni."

Muka gama wannan, sai ya ce sabuwar doka tana son shaidar ɗan ƙungiya wanda ya ga haɗarin da idonsa. Mutum ɗaya ne ya gani, ni kuma ba zan iya zuwa in roƙe shi ba. Ina shirin tashi sai na ji ƙarar sanda a kan siminti. Gado ya shigo, ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya tsaya gaban tebur.

"Shaidar san da anka yanka niz zaka yi. Ba shaidar wanga ba."

Mushe Buba ya danne dariya ya ce, "To, kayan sun yi wa san yawa?"

"Kaya daidai suke. Ƙasa ta taz zabtare. San ba shi da laihi, mutumen kirki na, bai taɓa ba da abin da ba a roƙe shi ba."

Ya dangwala yatsa a takarda, ya goge a gefen rigarsa, ya juya zai fita. A bakin ƙofa ya tsaya, har yanzu Mushe Buba yake kallo.

"Mushe, ka hwaɗa mishi ranar kasuwar Matankari za ni duba shanu. In yana son wuri bisa amalankena, ina tashi da sassahe."

"Ga shi nan kusa da kai, Gado."

"Kai dai ka hwaɗa mishi."

Ranar kasuwa na fito na same shi a ƙofar gidana, ya shimfiɗa buhu a gefen da zan zauna. Muka kama hanya, rabinta babu mai magana sai ƙarar ƙafafun shanu a yashi. Can ya yi gyaran murya ya ce wai na ga yadda gero ya yi a gonar wane bana? Daga nan bakinsa ya buɗe. Maganar damina guda ya tara, ya juye mini ita duka, har muka shiga Matankari ban sami wurin saka kalma ɗaya ba.